Ɓerayena 12 da Biran Amurka

Ranar farko da aka tura ni ɗakin dabbobi a wurin da na yi SIWES, wari ne ya fara yi min maraba. Duk ɗan SLT da ya taɓa shiga irin wannan ɗaki ya san shi: fitsarin ɓera da dusar katako da abincin kaji sun haɗu sun kwana a ɗakin da tagarsa ɗaya tak. Dattijon da ke kula da wurin, wanda kowa ke kira Baba, ya dube ni da sabuwar farar rigata da ko wanki ba ta taɓa gani ba, ya yi dariya, ya miƙo min tsintsiya. Ya ce, "Malam ɗalibi, mu nan kimiyya daga shara take farawa."

Keji uku aka damƙa min, fararen ɓeraye 12, na wani mai digiri na biyu da ke gwada sassaƙen wata bishiya a kan ciwon suga. Ni ke ba su abinci da ruwa, ni ke canza musu dusa, ni ke ɗora su a sikeli duk ranar Litinin in rubuta nauyinsu. Da maka muke yi musu alama a wutsiya don kar a rikita su. Kafin sati uku na daina buƙatar alamar. Na san mai cizo, na san matsoraci, na san wani ƙato da na laƙaba wa Sarkin Ci, wanda da ya ji motsin ƙofa zai miƙe da ƙafafun baya yana jira.

A ƙarshen sati na shida aka zo ɗaukar jini da hanta da ƙoda. Kun san abin da hakan ke nufi. Ni aka ce in riƙa miƙo su ɗaya bayan ɗaya. Wallahi da na kamo Sarkin Ci hannuna rawa yake, har mai furojet ɗin ya ɗago ya ce ko ba ni da lafiya ne. Da aka gama, ina wanke tire a famfo, Baba ya tsaya a bayana ya ce, "Kai ɓera ne ma ka zama haka. Ina ga waɗanda aikinsu biri ne? Shi fa kallon ka yake da ido irin naka."

Wannan magana ita ta hana ni barci. Na ƙarar da datar da na saya ta sati a dare biyu ina karanta labarin biran gwaji, kuma abin da na tarar ya fi ƙarfin abin da na zata. Ashe a daidai lokacin da nake jimamin ɓeraye 12, a Amurka rigimar da ake yi ita ce birai sun yi ƙaranci, ana neman yadda za a faɗaɗa wuraren kiwonsu.

Bari in ɗan warware muku yadda abin yake. Amurka na amfani da birai kimanin 70,000 a shekara a wuraren bincike. Iri biyu ne suka fi yawa: resus, wanda asalinsa na Indiya da maƙwabtanta ne, da kuma wani mai doguwar wutsiya na kudu maso gabashin Asiya. Gwamnatinsu, ta hannun hukumar binciken lafiya ta NIH, tana ɗaukar nauyin cibiyoyi bakwai da ke kiwon birai, a jihohi irin su Kalifoniya da Oregon da Luwiziyana da Jojiya. Amma kamfanonin magani sun fi dogara da waɗanda ake shigowa da su daga waje, kuma kafin korona kusan kashi 60 cikin 100 na waɗannan daga ƙasar Sin suke zuwa. Farkon 2020 Sin ta rufe ƙofa, ta hana fitar da namun daji, har da biran gwaji. Wato a daidai lokacin da duniya ke rububin gwada rigakafin korona, babbar kasuwar biri ta tashi. Birin da ake saye 'yan dubban daloli ya haura dala 20,000. Ku buga wannan a naira ku gani, ni da na buga sai da na ajiye wayar.

Ba karon farko ke nan ba. A 1978 Indiya ta hana fitar da resus, bayan an bayyana cewa ana amfani da su a gwaje-gwajen soja. An sha wuya a lokacin, aka koma kiwo a gida, sannan da aka samu mai araha daga Sin aka sake miƙe ƙafa.

To me zai hana su kiwata da yawa kawai? Nan ne ɗan ilimin da Baba ya koya min ya yi amfani. Ɓera cikinta sati uku ne, ta zubo 'ya'ya takwas ko goma, bayan wata biyu su ma sun isa haihuwa. Idan lakcara ya ce yana son ɓeraye 60 a samista mai zuwa, Baba zai haɗa maza da mata ya samar masa. Birin resus kuwa cikinta kusan kwana 165 ne, ɗa ɗaya take haifa, sau ɗaya a shekara in an yi sa'a, kuma macen sai ta kai shekara uku zuwa huɗu kafin ta fara. Yawancin gwaji ma ba a yin sa da jariri, sai ya girma. Sannan duk macen da ka ware don haihuwa ka cire ta daga layin gwaji ke nan, don haka mai son garkensa ya ƙaru gobe dole ya ƙara wa kansa ƙaranci yau. Kuɗin da aka zuba bana sai wanda yake ND I yanzu ya gama HND kafin a ga amfaninsa. Ƙari a kan haka, birin da aka sa wa cuta mai haɗari a ɗakin gwaji mai tsananin tsaro ba ya komawa cikin 'yan'uwansa. Daga nan sai mutuwa.

A tsakanin 2020 da 2021 NIH ta kashe kimanin dala miliyan 29 wajen gyara mazaunin birai da gina sababbin shingaye a fili a cibiyoyin nan. A watan Mayun 2023 kuma majalisar masana kimiyya ta ƙasar ta fitar da rahoto cewa ƙarancin ya ƙara muni, kusan kashi biyu cikin uku na masu binciken da aka tambaya sun ce suna shan wahalar samun birai, kuma shawarar da ta bayar ita ce a faɗaɗa kiwo a cikin gida.

Da na kawo wa abokin ɗakina wannan labari a hostel, shi ɗan Akanta ne, sai ya tuntsire da dariya. Ya ce, "Kai dai ba ka da aikin yi. Mu da ko ruwan wanka sai mun bi layi, kake damuwa da ɗakin kwanan biri a Amurka? Ina ruwanka?"

Ina da ruwa kuwa. Ban gaya masa a daren ba, don maganar ba ta dariya ba ce.

Yayata ma'aikaciyar jinya ce. Shekarun baya, a lokacin hunturu, ta yi jinyar wata mata da aka kawo da zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya. Kafin sakamakon gwaji ya dawo a san Lassa ce, matar ta rasu, ita kuma Yaya ta kwanta. Kwana 16 ta yi a keɓe. Ta taga muke hango ta, Inna tana zaune a kan tabarma a bakin baranda ta ƙi tafiya gida. Allah Ya tashi kafaɗunta, amma kunnenta na hagu ya tafi, har yau. Idan kana mata magana sai ta juyo da gefen dama, in kuma ana hayaniya a gidan biki sai ka ga ta yi shiru tana murmushi kawai, ka san ba ta jin komai. Likitoci sun ce hakan na samun kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka warke.

Maganin da aka yi ta ɗura mata, ribabirin, an gwada shi a kan biran resus masu ɗauke da Lassa tun 1980, kafin a ba mutane. Yau masana na muhawara a kan ko yana aiki yadda aka daɗe ana zato, amma shi ke nan abin da ke hannu. Cutar nan sunan wani gari a jihar Borno take ɗauke da shi, inda aka fara gano ta a 1969. Sama da shekara 50 ke nan, kuma har yanzu babu rigakafinta da aka amince da shi a ko'ina a duniya. Akwai wanda aka fara gwajinsa mataki na biyu a kan mutane a Abuja a 2024, kuma kafin ya kai ga hannun ɗan Adam sai da ya bi ta jikin birai. Ƙananan ɓerayen gwaji na yau da kullum ba sa kamuwa da Lassa irin yadda mutum ke kamuwa, abin dariya ma ɓeran gida ne ke yawo da ita lafiyarsa ƙalau. Biri kuwa yana zazzaɓi, hantarsa na taɓuwa, har kurumtar an gani a jikinsa.

Ga inda lissafin ya dame ni. Lokacin korona, da birai suka yi ƙaranci, NIH ta koma tantance wane bincike za a ba biran cibiyoyinta, korona ce a gaba, saura su jira. Ban zarge su ba, gidansu ne ke cin wuta. Amma ku tambayi kanku: in ana rabon abu kaɗan, tsakanin cutar da ke kashe masu kuɗin da cutar da ke kashe mutanen Edo da Ondo da Bauchi da Taraba, wace za a tura ƙarshen layi? A ganina duk ranar da biri ya yi tsada, cututtukanmu ne ke fara jin jiki, don babu kamfanin da ke hangen riba a rigakafin Lassa.

Kuma ba Lassa kaɗai ba. Ɗigon foliyo da aka bi mu gida-gida ana ɗiga mana muna yara, wanda ya sa a watan Agustan 2020 aka ce Najeriya ta rabu da foliyon daji, tarihinsa cike yake da birai. A ƙwayoyin ƙodar biri aka riƙa noman ƙwayar cutar tun zamanin Jonas Salk a shekarun 1950, kuma an daɗe ana gwada ingancin ɗigon a jikin birai kafin a sake shi. Rigakafin Ebola da ya yi aiki a Gini a 2015, shekaru goma kafin nan aka nuna yana kare birai. Kai, ko "positive" ɗin nan da "negative" da ake rubuta mana a katin rukunin jini, alamar Rh da ke gabansa daga sunan resus aka ciro ta, saboda gwajin da aka yi da jininsa a 1940. Mun yi firatikal ɗin a ND I, mun ɗiga anti-D a kan tayil, babu wanda ya ce mana akwai biri a cikin labarin.

To shi ke nan, sai in ce a yi ta kiwo? Da na so in tsaya a nan, da rubutun ya fi sauƙi. Sai dai idon da Baba ya ambata bai bar ni ba.

Ina yaro akwai mai wasa da biri da ke zuwa unguwarmu ranar kasuwa, ya sa wa jan biri 'yar riga da wando, igiya a ƙugu. Muna bin sa muna ihu. Abin da na fi tunawa yanzu shi ne yadda birin ke zama idan an gama wasa, ya rungume gwiwoyinsa yana kaɗa jiki gaba da baya. A lokacin mun ɗauka rawa ce. Sai da na karanta halayen biran da aka kulle su kaɗai a keji na gane abin da na gani: suna kai-komo ba dalili, suna tsige gashin jikinsu, wasu har cizon kansu suke. Resus dabba ce mai dangi. Mata suna zama gidan uwa har mutuwa, 'ya tana gadon matsayin uwarta, suna yini suna yi wa juna tsifa. Ka raba shi da wannan, ka ba shi abinci mai kyau da ruwa mai tsafta, duk da haka ka karya shi. Tun 1985 dokar Amurka ta wajabta a kula da lafiyar hankalin biran gwaji, ba ta jiki kaɗai ba, amma rubuta doka daban, yin aiki da ita daban, mu nan mun fi kowa sani.

Shi ya sa kalmar "mazauni" a cikin wannan magana ta fi kalmar "yawa" muhimmanci a wurina. A cibiyoyi irin ta Kalifoniya, garken haihuwa na zaune ne a shingaye masu faɗin rabin eka a fili, gomman birai tare, da abin hawa da inuwa da wurin ɓuya in faɗa ya tashi. Wannan ya fi kejin ƙarfe nesa ba kusa ba. Kuma ba tausayi ne kawai ba. Dabbar da ke cikin damuwa garkuwar jikinta na canzawa, sakamakon da ka samu daga gare ta ya gurɓata, ka kashe ta a banza. Na ga ƙaramin misalin haka da idona: satin da dusa ta yanke mana aka bar keji ɗaya kwana tara ba canji, nauyin ɓerayen ciki ya faɗi, mai furojet kuma ya rubuta cewa sassaƙensa ne ya rage musu ƙiba. Na yi shiru, ɗan SIWES ne ni, amma na san gaskiya.

Akwai kuma tambayar inda biran ke fitowa in ba a kiwata su a gida ba. Da Sin ta rufe, sai kasuwa ta koma Kambodiya. A watan Nuwamban 2022 masu gabatar da ƙara a Amurka suka tuhumi wasu jami'an gwamnatin Kambodiya da ma'aikatan wani kamfani da kamo birai daga daji ana yi musu takardun ƙarya cewa a gona aka haife su. Jami'in da aka gurfanar kotu ta wanke shi a 2024, amma a shekarar 2022 ɗin dai aka sa wannan biri mai doguwar wutsiya cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Birin daji kuma ba ka san abin da ya ɗauko ba. A 1967 biran da aka kai Jamus daga Yuganda suka sa wa ma'aikatan ɗakin gwaji wata cuta, mutum 31 suka kamu, bakwai suka mutu, cutar da yau ake kira Marburg da sunan garin. Ku lura da waɗanda suka mutu: masu taɓa jini da wanke kayan aiki, irin aikin da ake koya mana. Don haka ake killace duk birin da ya shiga Amurka aƙalla kwana 31, don haka kuma cibiyoyin ke wahalar kafa garken da aka tabbatar ba shi da wasu ƙwayoyin cuta, musamman wata da ake kira herpes B, wadda ba ta cika damun biri ba amma tana iya kashe mutum. A 1997 ta kashe wata ma'aikaciya 'yar shekara 22 bayan wani ruwa daga jikin biri ya fantsama mata a ido.

Idan na auna waɗannan, sai in ga kiwo a wurin da ake sa ido ya fi farauta a daji da takardun bogi. Amma ban yarda da kowane irin faɗaɗawa ba. A garin Bainbridge na jihar Jojiya, wani kamfani ya fito da shirin gina gonar birai ta dala miliyan 396 da za ta ɗauki har 30,000, a garin da mutanensa ba su fi 14,000 da 'yan kai ba. Biri biyu ga kowane mutum! Mutanen gari suka garzaya kotu, suna tambayar ina ƙazantar za ta, wa zai biya in cuta ta ɓulla. Ni ma da a garinmu ne da ina cikin masu ɗaga kwali. Wanda ya taɓa share kejin ɓera uku ya san lissafin kashin dabba 30,000 ba wasa ba ne. Kuma a watan Nuwamban 2024 birai 43 suka tsere daga wata gona a Yemassee ta jihar Karolina ta Kudu, don kawai wani ma'aikaci bai kulle ƙofa da kyau ba. Sai a watan Janairu aka kamo na ƙarshe. Duk miliyoyin da aka zuba, abin ya dawo kan mutum ɗaya da sakata.

Abokin ɗakin nawa, da na ba shi labarin Yaya daga baya, ya daina dariya, amma ya kawo wata hujja mai ƙarfi. Ya ce ai yanzu zamanin kwamfuta ne, me ya sa ba za a bar dabbobin su huta ba? Gaskiya ne ana kan hanya. A ƙarshen 2022 Amurka ta cire sharaɗin da ke cewa dole sai an gwada kowane sabon magani a kan dabba. Ana noman ƙwayoyin hanta da huhu na mutum a kan 'yan faranti ana gwaji a kansu. Foliyon ma, an samar da ɓeraye na musamman da suka karɓi wani ɓangare na aikin da birai ke yi. NIH ta daina gwaji a kan chimpanzi tun 2015. Ina fata in ga ranar da za a rufe shingen ƙarshe. Amma rigakafi yana aiki ne da jiki gaba ɗaya, jini da saifa da ɓargo da ƙwaƙwalwa suna amsa wa juna, kuma faranti bai kai nan ba tukuna. Cuta irin Lassa ko Ebola kuma ba za ka ɗura wa mutum ita da gangan don ka ga ko allurarka ta yi aiki ba.

Don haka matsayina, in an matsa min, shi ne a faɗaɗa, amma a fili, cikin dangi, da ma'aikatan da aka horar aka kuma biya su da kyau, kuma duk gwajin da za a iya yi ba da biri ba a yi shi ba da biri ba. Ba na faɗin haka da daɗin rai. Ina faɗa ne ina tuna yadda Sarkin Ci ya miƙe da ƙafafun baya ranar ƙarshe, ya zaci abinci na kawo.

Bana ni ma furojet ɗina na ɓeraye ne. A takardar kasafin da na kai wa sufabaizana na sa keji huɗu maimakon biyu, da buhun dusa na canji sau biyu a sati, da 'yan guntayen bututun roba da za su riƙa ɓuya a ciki. Ya bi layin da jan biro ya tsaya a kan bututun, ya ɗago gilashinsa ya ce, "Wannan kuma na mene ne? Otal za ka buɗe musu?" Na ce, "Yallaɓai, sakamakon ne nake so ya fito daidai." Ya soke bututun, ya bar min keji huɗun da dusar. Bututun na je kasuwar 'yan famfo na sayo ragowar yanka na naira 500, Yaya ce ma ta ba ni kuɗin da na je gida hutu, bayan na maimaita mata bayanin sau biyu ta gefen dama.